Daminar da Aka Yanka Zabin Inna

Bana ruwa ya yi mana yawa a Tanut. Mu da muka saba ɗaga kai muna roƙon hadari, sai ga mu muna jera robobi a tsakar ɗaki muna tarar yoyo. Katangar bayan gidana ta sha ruwa har ta fara zubar da ƙasa, akurkin da ke jingine da ita kuwa tun da marka ta kama bai bushe ba. Wata safiya na ɗaga murfinsa, wari ya buge ni, warin jiƙaƙƙen kashin kaji da dusar da ta yi tsami. 'Yan tsakin ba su rugo waje ba. Sun cure a lungu guda, sun saki fukafukai, ido a lumshe, ƙasa kuma duk kashi ne mai jini-jini. Na tsaya riƙe da murfin. Ban yi salati ba, ban kira kowa ba. Na san abin da nake kallo, don na taɓa ganinsa ina budurwa.

Mahaifiyata, Inna, tana wurina yanzu. Ta tsufa, idonta ya yi hazo, yini take a kan tabarma a bakin ƙofa da rediyo a gefenta. Ban gaya mata ba. Na tsince waɗanda suka mutu na sa a leda, na wanke hannu, na ɗora mata kunu. Ina dama kunun nan, amma ni dai ba a Tanut nake ba.

A wani ƙauye na ƙasar Gangara aka haife ni. Ba zan faɗi sunansa ba, akwai jikokin mutane a can. Shekarar da nake magana ina da sha huɗu ko kusa da haka, kuma ita ce ta biyo bayan fari biyu a jere. Shanun garin sun mutu, awaki an kai su kasuwa an bayar kamar kyauta, jaki ma ya yi wuyar gani. Abin da ya rage a hannun mata kaji ne kawai. Kowace tana da 'yar kazarta ɗaya ko biyu tana lallaɓawa, tana shiri a zuci: ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, tsaki su girma, a haɗa a sayi akuya, gida ya farfaɗo. Don haka kada wanda ya ji labarin nan ya taɓe baki ya ce a kan kaza aka yi wannan abu. A shekarar nan wadda ke da kaza ita ce mai dukiya.

Mu kuwa zabi gare mu. Babana ne ya kawo su. A daminar da ta lalace ya shiga daji neman anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake ci lokacin yunwa, ya yi karo da sheƙar zabuwar daji a gindin wata ƙaya, ya kwaso ƙwan a cikin malfarsa. Inna ta sa wa baƙar kazarmu. Wannan ba sabon abu ba ne, kowa ya san zabuwa ba ta iya reno ba, ƙwanta kaza ake sa wa. Sabon abin kawai shi ne na daji ne. Suka fashe, suka bi kaza kamar ita ta haife su, suka girma a gida, amma halin dajin bai bar su ba. Ba su taɓa kwana a akurki ba, sai kan aduwar ƙofar gidanmu. Gari na wayewa su sauko su zaga garin nan kaf, su tsallake dangar kowa, su sha ruwa a kaskon kajin kowa, suna wannan kukan nasu mai tsaga kunne. Mutane suna dariya suna cewa zabin 'yar birni ba su san gidansu ba.

'Yar birnin Inna ce. 'Yar Damagaram ce, Baba ya auro ta a lokacin da yake zuwa cin rani. Ta haifi 'ya'ya a garin, ta binne wasu a garin, amma ba a daina kiranta haka ba. Ni ce 'yar farinta, shi ya sa har yau ba ta kama sunana, sai dai ta ce "ke". Bayana duk ba su tsaya ba sai ƙanena Ilu, wanda a lokacin yake ɗan shekara huɗu.

Baba ya rasu da sanyi, ciwon ƙirji. Inna na fita takaba, yayansa, Baba Sale, ya zo ya zauna a ƙofar gida a kan buzunsa, ya sa aka kira ta.

"Uwar Ilu, gonar nan ta ɗan'uwana ce, ta Ilu ce in ya girma. In kin iya nome ta, ba mai taɓa ta. In kuwa ta kwanta, ba zan zuba ido gonar ubanmu ta koma daji ba, zan sa hannu. Kin kuwa san wanda ya nome shi ke girbi."

"Zan nome ta, Yaya."

"Ke da wa?"

Ta nuna ni da haɓa. Baba Sale ya dube ni, ya dubi ƙafafuna kamar sillen kara, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya naɗe buzunsa.

Ruwan shuka ya zo a makare. Ranar da ya sauka Inna ta tono tulun irin da Baba ya binne a ƙarƙashin gado, wanda ko ranar da Ilu ya yini yana kukan yunwa ba ta taɓa ba. Ita ke sara da sungumi, ni ina bin ta ina zuba iri ina takewa da diddige. Matar da ba ta taɓa riƙe ƙota a gidan ubanta ba, tafin hannunta ya yi bororo ya fashe, ta naɗe da tsumma ta ci gaba. Ilu muna ajiye shi a gindin magarya da ɗan ruwa a gora.

Rumbu kuwa fayau yake, har ɓeraye sun ƙaura. Anza muke ci. A jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwa ana sake wani, amma ɗacin nan bai taɓa fita duka ba, yana nan manne a maƙogwaro ko salla kake. Da ciyawa ta tashi muka koma tafasa, a dafa ba ƙuli ba mai, sai ɗan gishiri. Yunwar damina daban take da ta rani. Ko'ina kore shar, ƙasa na ƙamshi, ido ya ƙoshi, ciki ba komai. Kana cikin tura hauya sai duniya ta yi maka baƙi, ka dafa ƙota ka jira ta dawo, sannan ka ci gaba daga inda ka tsaya.

Sai zabin suka fara ƙwai. Zabi wuri guda suke zubawa, kuma ɓoyewa suke. Ni na gano wurin, a cikin wata sarƙaƙiyar ƙaya bayan gari, bayan na yi rabin yini ina bin wata zabuwa daga nesa kamar ba ita nake kallo ba. Inna ta koya mini abin da Baba ya koya mata: ba a sa hannu a sheƙar zabuwa, in ta ji warin mutum ta tashi ke nan. Da dogon ludayi ake ɗebowa, kuma a bar mata biyu ko uku kada ta ga an yi mata wayau. Ranar kasuwar Gangara in dafa su tun da sassafe, in ɗora a kai, in bi 'yan kasuwa a ƙafa. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, da fatake suna son ƙwan zabi, kafin azahar sun ƙare. Da yamma in dawo da gero a ƙulle a bakin zane. Ba shi da yawa, amma in an ja shi da tafasa yakan kai mu wata kasuwar. Ko ƙwai ɗaya ba mu taɓa fasawa mun ci ba, ko Ilu.

Geron nan shi ne noman gonarmu. Wanda ba shi da abin karyawa a damina dole ya tafi ƙwadago gonar mai hali, a sallame shi da ɗan awo. Gidan da ke da mutane sai su rabu, wasu ƙwadago, wasu gonar gida. Mu biyu ne rak. In muka tafi gonar wani, tamu ba kowa. Da kunun geron ƙwan nan muka gama noman fari, ni da Inna, layi bayan layi. Gero ya miƙe ya yi duhu. Wata rana Baba Sale ya biyo ta wajen, ya tsaya a bakin iyaka ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ba laifi." Inna ta yi kwana biyu tana maimaita kalmar nan ita kaɗai tana murmushi.

Daga nan marka ta kama. Yayyafi ba dare ba rana, sama a rufe, itace ya ƙi kamawa sai hayaƙi, zanen da ka shanya jiya yau ya fi jiya jiƙewa. Tsakar gida ta zama taɓo. A lokacin baƙar kazarmu tana da sabbin 'ya'ya iri biyu, don Inna ta fara sa mata ƙwan zabi, bayan mako ta ƙara mata nata na kaza, suka fashe tare. Uwa ɗaya, akurki ɗaya, kasko ɗaya. Sai tsakin kazar suka fara takurewa suna sakin fukafukai, suna kashin jini. Kullum da safe in tsinci ɗaya ko biyu sun sandare. 'Yan zabin kuwa ko gezau, suna ta guje-guje a kan gawar 'yan'uwansu.

Danga ɗaya ta raba mu da Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba. Ba muguwar mace ba ce, ina so a san wannan. Ita ta taya Inna jinyar Baba har ya cika, ita ke goya Ilu in mun yi yamma a gona. Tsaki gare ta cike da tsakar gida, ta riga ma ta zaɓi akuyar da za ta saya a wajen wani Bafulatani in kaka ta yi. Wata safiya ta leƙo ta saman danga.

"Uwar Ilu, tsakin kazar taki sun ƙare?"

"Saura biyu, Hajo."

"Na zabin fa?"

"Suna nan."

"Duka?"

"Duka."

Ta bi 'yan zabin da kallo suna caccakar gara a kaskon da matattun suka ci jiya. Ta ce, "Ikon Allah," ta koma ciki. Ba a yi kwana nawa ba nata suka fara.

Daga gidanta sai gidan gaba, sai na gaba. Da safe ka ga mata suna fitowa da matattun tsaki a ɓallin ƙwarya suna watsawa a juji, shaho har ya daina tashi in mutum ya zo. Magana ta fara a bakin rijiya. A gidan wa aka fara? Gidan 'yar birni. Wa ke shiga gidan kowa ya sa baki a ruwan kaji? Zabinta. Daga ina suka fito? Daga daji. Kuma me ya sa ko ɗaya a cikinsu bai yi ko atishawa ba? Wallahi in ka ji yadda suke jero ta, kai ma sai ka gyaɗa kai. Ni kaina na fara kallon zabin nan da wani ido.

Gwaggo Hajo ta ba da shawara kowa ta tsare tsakinta daga zabi. A kife su da kwando, ko a cusa su a akurki a toshe, kada su taka inda zabo ya taka. Haka aka yi gari duka. Tsaki suka koma zaman akurki mai danshi dare da rana, a nan za su ci, a nan za su yi kashi, a nan za su sake ci. Mutuwa ta ninka. Aka ce, to, ga shi nan, ko ba su taɓa su ba iskarsu ma ta isa.

Aka daina amsa gaisuwar Inna da kyau. In ta iso rijiya sai hira ta mutu, kowa ta ja gugarta gefe. Yara suka fara jifan zabin da hoge, aka karya wa ɗaya ƙafa. Ranar da tsakon Gwaggo Hajo na ƙarshe ya mutu, na ji ta ta cikin danga tana kuka irin na rashin mutum. Da yammacin ranar Baba Sale ya zo, wannan karon ko buzu bai kawo ba.

"Uwar Ilu, an zauna a ƙofar mai gari. An ce a yanka zabin nan."

"Yaya, da su ne masu cutar ai da su za ta fara kashewa."

Gwaggo ta amso daga bayan danga, muryarta a dishe: "A jikinsu take zaune, ta saba da su. Namu ne ba su san ta ba."

Inna ba ta juya wajenta ba. Ta ce, "Yaya, ƙwan nan shi muke ci. Ka bar mu mu gama noman maimai, in gero ya fitar da kai ni da kaina zan kama maka su."

"Kafin nan ba sauran kaza a garin nan. Ni ba ni na yanke ba, gari ne. Kina so a ce matar ɗan'uwana ta fi ƙarfin gari?"

"Gonar fa?"

"Gona tana nan inda take."

Zabon daji ba ya kamuwa da hannu. Samari suka yini suna bin su da sanduna, ko gashi ba su samu ba. Baba Sale ya aiko cewa ai muryar Inna suka sani. Washegari da hantsi Inna ta kwance geron da na kawo daga kasuwa, wanda za mu ja har mako, ta barbaɗa shi tun daga gindin aduwa har cikin ɗakinmu. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kiransu yadda ta saba kullum. Suka sauko ɗaya bayan ɗaya, suna tsinta suna ɗaga kai, suna tsinta suna matsowa, mai karyayyar ƙafar tana ɗingishi a baya. Da ta ƙarshen ta shige, Inna ta ja ƙyaure. Samarin suka shiga. Ni ina tsaye a tsakar gida riƙe da Ilu, ina jin fukafukai suna dukan bango. Ban yi kuka ba. Tunanin da nake yi kawai shi ne geron da ya zube a taɓo, ko zai tsintu.

Baba Sale ya yanka su a bayan gida, ya wanke wuƙarsa ya tafi. Ba wanda ya karɓi naman. Inna ta aika wa Gwaggo Hajo biyu a ƙwarya, aka dawo da su ko buɗewa ba a yi ba. Muka zauna mu uku da tulin nama, mu da muka manta ɗanɗanonsa. Muka ci har ya gundure mu, cikin Ilu ya ɓaci. Inna ta yanyanka sauran ta rataye a igiya, ba rana. Ta gwada hayaƙi, itace jiƙaƙƙe. Kafin kwana uku ya yi tsutsa, muka haƙa rami muka binne.

'Yan zabin ba su isa yanka ba, aka ce a fitar da su daga gari. Ni aka ba wa su a kwando. Na yi tafiya har na daina jin dakan mata, na sauke a gindin wata sabara, na juye su. Suka tsaya cirko-cirko suna kuka suna neman kaza. Da na juya zan tafi sai suka biyo ni a guje. Na tsaya, suka tsaya a ƙafafuna. Sai na tattare zane na ruga, ban waiwaya ba har na hango rumbunan gari. Ban san abin da ya cinye su ba.

Tsaki suka ci gaba da mutuwa na wasu kwanaki. Sannan marka ta ɗauke, rana ta fito da ƙarfinta, tsakar gidaje suka bushe, mata suka saki 'yan tsakin da suka rage tunda ba sauran zabi. Mutuwa ta tsaya cak. A bakin rijiya aka ce, "Kun gani?" Aka dawo amsa gaisuwar Inna, har da tambayar ya yara. Gwaggo Hajo ta miƙo mana ɗan daddawa ta saman danga, Inna ta karɓa ta yi godiya.

Ranar kasuwa ta zo, ba abin ɗorawa a kai. Muka kwana biyu a kan tafasa zalla, a na uku Inna ta faɗi a gona tana cikin noma. Da ta farfaɗo ta ce mu tafi ƙwadago kwana biyu kawai, mu samu na kunu mu dawo. Muka bi wasu mata zuwa gonakin masu hali ta wajen kwarin Tarka. Abin da ake ba mu da yamma, kafin gobe da yamma ya ƙare. Kwana biyu suka zama mako, mako ya haifi wani. Ruwan da ya sa geronmu ya yi kyau shi ya sa ciyawa ta yi kyau, ita kuwa ba ta jiran kowa. Duk lokacin da muka biyo ta gefen gonarmu da magariba sai Inna ta kau da kai.

Ranar da muka tara ɗan abin da zai riƙe mu, muka yi sammako da hauyoyinmu. Tun daga nesa muka hango mutane a cikin gonarmu. Baba Sale ne da 'ya'yansa maza, sun jeru, sun riga sun ci rabin gonar. Inna ta tsaya a bakin iyaka, hauya a kafaɗa.

"Sannunku da aiki, Yaya."

"Yauwa, Uwar Ilu. Kin ga yadda ta koma. Ba zan bari ta mutu ba."

Gaskiya ya faɗa, ciyawar ta kai gwiwa, geron ya fara ja. Inna ta ce, "Haka ne. Allah ya ba da lada." Muka ɗan tsaya, ba wanda ya ce mu shigo, ba wanda ya ce mu tafi. Sai muka juya.

Gonar ta yi albarka a shekarar nan, kowa ya faɗa. Hatsin ya shiga rumbun Baba Sale, ya aiko mana da 'yan dammuna a kan jaki, ya ce ladan shuka da noman fari. Ba su kai mu ƙarshen sanyi ba. Inna ta ɗaure tukwanenta da tabarma, muka hau bayan kamiyo muka zo Tanut, ta kama dakau da wankau a gidajen ma'aikata. Ilu ya girma a gari, bai taɓa riƙe hauya ba, yanzu yana Agadas yana gyaran babura. Ya je maganar gonar sau ɗaya da ya zama mutum, aka ce masa wa ya san wannan zance, duk waɗanda aka yi a gabansu sun mutu. Na tsani Baba Sale shekara da shekaru, daga baya na gaji na bari. A gidana na kiwata kaji, na kiwata agwagi, har tattabaru na taɓa ajiyewa, amma zabo bai taɓa shigo mini ba.

To, da na gama ba Inna kununta a safiyar nan ta bana, sai na ɗauki ledar matattun tsakin na tafi gidan elbaj, inda likitocin dabbobi suke. Da can wa ya san wannan, yanzu kuwa tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur. Na tarar da wata yarinya sa'ar 'yata da farar riga. Ta sa safar hannu ta farke tsako ɗaya, ta nuna mini wasu 'yan hanji biyu sun kumbura da jini. Ta ɗan lakato ta sa a gilashi, ta leƙa a madubin nan nasu mai girmama abu, ta ce ni ma in leƙa. Na ga wasu ƙananan abubuwa zagaye-zagaye kamar ƙwayar gero.

"Su ne, Mama. A hanji suke zama, su fito a kashi. In ƙasa ta jiƙe sai su nuna, tsako ya tsinta ya haɗiye. Ki kwashe akurkin, ki zuba busasshen yashi, kada ki cushe su wuri guda. Ga garin magani, a ruwan sha za ki riƙa sa musu."

Na ce, "'Yata, maƙwabcina yana da zabi, suna hawa katangata. In yi masa magana ya tsare su?"

Ta yi 'yar dariya. "A'a, Mama, bar masa zabinsa. Wannan ta kaza ce kaɗai. Zabo yana da tasa daban, talotalo da tasa, fakara a daji da tata. Kowace ta san hanjin da take zama. Ko ɗura wa zabo wannan kika yi, wucewa za ta yi ta fita, ba ta kama shi, shi kuma tasa ba ta kama kaza. Akwai wata cutar dai da kaza ke ɗauka ta kashe talotalo, amma mai kashin jinin nan daga kaza take zuwa kaza."

"Ko zabin daji ne?"

"Ko na daji ne."

"In tsakon kaza da na zabo suna akurki ɗaya, na kazar suka mutu, na zabon suka rayu fa?"

"Ai haka za a gani. Ba tasu ba ce."

Na ce to. Na karɓi maganin, na yi mata godiya, na fito. Ban hau babur ba, na taka a ƙafa. Ina jira in ji wani abu, daɗi ko baƙin ciki, ba abin da ya zo. Na tsaya ma a hanya na sayi albasa.

Sai bayan la'asar na zauna kusa da Inna a kan tabarmarta. Na daɗe ina juya maganar, don a ganina kyauta zan ba ta.

"Inna, kin tuna zabinki na ƙauye?"

"Waɗanda suka kashe wa mutane tsaki."

"Yau na je wajen likitar dabbobi. Ta ce ba su ba ne. Ta ce cutar ta kaza ce kaɗai, zabo ba ya ɗaukarta, ba ya ba da ita. Danshi ne, da kulle su da aka yi a akurki."

Ta juyo da fuskarta wajen muryata. "Yarinya ce?"

"Yarinya ce, amma ta yi karatun abin. Ta nuna mini da idona."

"An yanka su, mutuwa ta tsaya. Kina wurin."

"Rana ce ta fito, Inna. Ƙasa ce ta bushe."

Ta ɗaga hannunta daga kan gwiwarta. Ta laluba ta kamo wuyan hannuna, ta riƙe da wani ƙarfi da ban san tana da saura ba.

"Ni na kira su," ta ce. "Da bakina na kira su suka shigo. In ba su ba ne, to me na yi? Gonar yaron nan fa? Don me muka taso?"

Ta girgiza hannuna.

"Ke, su ne. Ki ce su ne."

Na dubi fuskarta, na dubi idanun nan da ba sa ganina.

"Su ne, Inna."

Ta sake ni a hankali, ta gyara zamanta, ta ce in duba mata ko magariba ta kusa. Na ce da saura. Na tashi na ɗauko shebur, na je na fara kwashe akurkin.